Motar da Sakinatu Ta Kira Boko

Sakinatu maƙwabciyata ce a unguwar Alsawra ta Omdurman. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, gajeruwa ce, in ta yi tari ina ji, in na ƙona albasa tana sani. Mun haura shekara talatin a haka. Ba zan ce mace ce mai daɗin zama ba. Tana da tsawa, ba ta ba da aron turmi sai ta bi shi da gargaɗi, kuma duk abin da ya shiga kanta sai ta aikata shi sannan ta nemi shawara. Wannan halin ne ya kusa raba ta da ɗanta.

An haife ta a wani kambo a Jazira, irin unguwannin bukkokin da ake kafa wa 'yan ƙodagon gona a gefen magudanar ruwa. Kakanninta daga ƙasar Katsina suka taso za su Makka, guzuri ya ƙare a hanya, suka tsaya tsintar auduga don su ƙara, daga nan ba su sake ɗaga ƙafa ba. Ita ma a cikin audugar ta buɗe ido. Ba ta shiga makarantar gwamnati ba, allo kawai ta yi, shi ma ba ta yi nisa ba. Larabcinta na kasuwa ne, mai kaifi, amma in wata kalma ta ɓace mata sai ta cusa ta Hausa a gurbinta ta wuce, ko waiwaye ba ta yi. Ta yi shekara da shekaru tana sayar da soyayyar gyaɗa da godo-godo, furarmu ta nan, a bakin tashar motoci ta Suk al-Arabi, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai gane maganarta ba. Mai ƙishirwa ba ya tsayawa gyara wa mai fura lafazi.

Mijinta Ɗantsoho bakanike ne, yana da ɗan garejinsa a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum. Shi ya kawo ta birni. 'Ya'ya huɗu suka haifa, biyu suka rayu: Mawahib da ke aure a Gadarif, da Muzammil wanda ya gaji uban a sana'a. Abin alfaharin Ɗantsoho ɗaya ne, wata farar Hailuks mai buɗaɗɗen baya da ya saya a gwanjon wata ƙungiyar agaji ta Turawa lokacin da suke rage kaya. Tsohuwa ce tun a lokacin, amma ya kwance ta ya ɗaure da hannunsa har ta fi sababbi lafiya. Sakinatu kan ce da mutumin nan yana shafa mata mai yadda yake shafa wa ƙarfen nan, da har yau ba ta tsufa ba.

Da yaƙi ya ɓarke a cikin azumi, ba a daɗe ba kowa ya gane cewa mota irin wannan ita ce masu bindiga suka fi nema. Ɗantsoho bai jira an zo masa ba. Ya tura ta cikin rumfar da ke gefen tsakar gida, ya cire tayoyi da batir ya binne su bayan makewayi, ya ɗora ta a kan bulo, sannan ya gina katangar ƙasa ya toshe bakin rumfar, ya yi mata yaɓe har ta yi kama da bangon ɗakin ajiya. Bayan wasu watanni maganin ciwon sukarinsa ya yanke a gari, ya kwanta, bai tashi ba.

Muzammil bai ga jana'izar ba. Ranar da aka fara harbi yana gareji a Khartum, aka rufe gadoji, ya maƙale a can. Waɗanda suka riƙe yankin suka same shi da sifana a hannu, suka sa shi gyaran motocinsu, bakin bindiga na kallon ƙeyarsa. Da ya samu kuɓuta ya zagayo ta doguwar hanya ya iso gida a rame, haƙoransa biyu na gaba babu.

Isowar ba ta kawo kwanciyar hankali ba. A ɓangarenmu, duk wanda ya zauna can ya yi musu aiki sunansa mai haɗa baki, ba a tambaya ko da son ransa ne. Ga shi dogo, baƙi, Bahaushe, a lokacin da ake ta raɗe-raɗin sojojin haya daga yamma. A shingen bincike akan tsayar da irinmu a ce mu faɗi garin kakanmu, a saurari yadda muke lanƙwasa harshe. Mutanenmu suka daina Hausa a titi. Ni da na yi sakandare a Wad Madani, na yi aiki a ɗakin shan magani har na yi ritaya, sai ga ni ina gyara lafazina a gaban yaran da na girmi iyayensu mata. Muzammil ya daina fita gaba ɗaya. Namiji mai gemu, ya haura talatin, yana zaune a ɗaki kamar mai jego.

Sakinatu ta ƙudurta sai ta fitar da shi zuwa Gadarif, inda mijin Mawahib ke da motocin noma masu neman bakanike. Hanyar tana cin kuɗi, ga na mota, ga hannayen da ake miƙowa a kowane shinge, kuma a gidan babu abin sayarwa sai abin da ke bayan katangar nan. Muzammil ya ce a'a, kada kowa ya san akwai Hailuks a gidan, a ƙara haƙuri. Ta ce masa haƙurin ne ya kai ubansa maƙabarta. Daga nan ba ta sake yi masa maganar ba, shi kuwa ya ɗauka ta wuce.

Tana da 'yar wayar da Mawahib ta saya mata. Ba ta iya rubutu a kanta ba, murya take aikawa. Matan unguwa suna da guruf a Watsab inda ake tallar gawayi, tukunyar gas, gado, duk abin da yunwa ta sa aka fitar. Wata safiya da sabis ya dawo, ta zauna a gindin lemun tsaminta ta danna ta yi magana. Na saurari saƙon daga baya har ya zauna mini a kai. Da Larabci ta yi shi, in ban da kalma ɗaya:

"Salamu alaikum jama'a. Akwai mota ta sayarwa, Hailuks fara, lafiyarta ƙalau. A ɓoye take tun farkon yaƙi, ba wanda ya gan ta. Takardunta boko ne. Ɗana bakanike ne, duk abin da mai saye yake so a canza mata zai canza. Mai so ya kira wannan lamba, ko ya zo Alsawra bayan masallacin da hasumiyarsa ta karye, gidan Hajja Sakinatu mai godo-godo."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Takardar mallaka ta Larabci tana aljihun teburin gareji lokacin da garejin ya ƙone. Abin da ya rage a akwatin ƙarfenta shi ne takardun cinikin da ƙungiyar ta ba Ɗantsoho, da haruffan Turawa. Mu tsofaffi, wannan rubutun boko muke ce masa, haka muka ji iyayenmu na faɗa. So take mai saye ya san abin da zai tarar, kada ya zo daga baya ya ce an cuce shi.

Abin da ba ta sani ba, tunda fura ta sayar a rayuwarta ba motoci ba, shi ne cewa a ƙasar nan an daɗe ana kiran motocin fasa-ƙwauri da boko, waɗanda ake shigowa da su ta sahara babu kwastan babu lamba. Da yaƙi ya zo kuma, motocin da aka kwashe daga gidajen mutane aka goge musu lamba su ma suka shiga ƙarƙashin sunan. Kowane direba ya san wannan, kowane ɗan shinge ma ya sani.

Kafin azahar waya ta fara ƙara. Na farko ya tambaye ta guda nawa ne a hannunta. Ta ce ɗaya mana, ƙwai ne? Na biyu ya ce ɗan nata ya iya goge lambar shasi, wadda ke jikin ƙarfen mota, yadda ba za a gane ba? Na uku ko sallama bai yi ba, launin ƙofar gidan kawai ya tambaya, da ko akwai maza a ciki. Sai ta leƙo ta katanga ta ce mini, "Yaya Humaira, masu sayen mota na yanzu ba su da tarbiyya." Na ce wace mota? Ta miƙo wayar ta danna mini, tana jiran in yaba.

A daidai lokacin Muzammil ya fito zai yi alwala. Ya tsaya da buta a hannu ya ji muryar uwarsa har ƙarshe. Bai yi ihu ba. Ajiye butar ya yi a hankali, ya zauna a ƙasa inda yake tsaye.

"Inna, kin san abin da kika ce?"

"Na ce ina sayar da motar ubanka."

"Kin ce motar sata ce. Kin ce ni nake canza musu kama. Kuma kin faɗi gida."

Ta dube ni don in ƙaryata shi. Ban ƙaryata ba. Ni ma na san kalmar, daga bakin direbobin da ke kawo mana marasa lafiya.

Muzammil ya karɓi wayar ya goge saƙon, amma magana zarar bunu ce. Matan sun riga sun tura wa mazajensu, mazajen sun tura guruf ɗin dillalan motoci. Kafin la'asar Mawahib ta kira daga Gadarif tana kuka, wai wani abokin mijinta ya sa musu saƙon suna cin abinci, ana dariya, sai ta ji muryar uwarta.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. An kashe wayar, amma gidan ba ya kashewa. Aka ba da shawara Muzammil ya gudu, amma ta ina, duk hanya shinge ne, kuma babu kuɗin. Na ce ya tsallako gidana ya ɓuya, na kuma faɗa masa gaskiya cewa in aka ɗora mini bindiga ban san abin da bakina zai yi ba. Ya kira ni Khala, wato 'yar'uwar uwa, ya ce, "Na gode, amma in suka zo ba su same ni ba, sun samu shaida kenan, kuma Inna za su ɗauka." Ya aske gemunsa, ya sake jin ya yi kama da mai ɓoye kama, ya zauna yana cizon yatsa. A takiyya, inda ake dafa wa unguwa abinci, matan da ke rububin tsayawa kusa da Sakinatu don jin labari suka riƙa barin fili tsakaninsu da ita. Ta daina zuwa. Ta daina cin abinci ma. Matar da ake jin muryarta daga bakin titi ta koma raɗa. Ta ɗauki kujera 'yar tsuguno ta ajiye bayan ƙofa, duk ƙarar injin da ta taso daga nesa sai ta miƙe, ta tsaya har sai ta wuce. Harbin manyan bindigogi da muka saba kwana da shi bai taɓa tayar da ita haka ba. Shi harbi ba a san kan wa zai faɗa ba. Motar da za ta tsaya a ƙofarta kuwa ta san wa ta zo nema.

Wata rana da hantsi masu bincike suka zo, su uku da bindigogi. Ba su bugi ƙofar da ƙarfi ba. Babbansu mutum ne mai furfura a gashin baki, idanunsa jajaye irin na wanda ya daɗe bai yi barci ba, kuma ya yi sallama cikin ladabi. Ladabin nan ya fi zagi tayar mini da hankali. Ina bayan katanga ina ji. Da na ga tsayuwa a can ta fi mini wuya a kan shiga, na ɗauki jug na ruwa na zagaya na shiga.

Ya ciro wayarsa ya danna. Muryar Sakinatu ta cika tsakar gidanta, cike da fara'a irin ta mai talla.

"Muryarki ce, Hajja?"

Ta ce tata ce. Ya tambayi inda motar take, ta nuna bangon. Suka ba Muzammil diga suka ce ya fasa. Ya fasa ginin ubansa, ƙasa na zubowa, har farin ƙarfe ya bayyana cikin ƙura da yanar gizo. Ɗaya daga cikin samarin ya yi fito. Babban bai kalli motar sosai ba, hannuwan Muzammil ya kama ya juya, ya duba tabon ƙuna da baƙin da ya zauna a gefen farce. Ya tambaye shi inda yake ranar da yaƙi ya fara. Na roƙi Allah a zuciyata ya sa Muzammil ya yi ƙarya. Bai yi ba, ya ce yana gareji a Mantiƙa Sinaiya. Aka tambaye shi yaushe ya fito, ya faɗa. Suka ɗaure masa hannu ta baya da wayar lantarki, suka zaunar da shi a rana kusa da ƙofa.

Sakinatu ta ruga ɗaki ta fito da takardun, cikin gaggawa har ɗaya ta faɗi. Mutumin ya juya su gaba da baya, ya ce irin waɗannan ana buga su a kasuwa, kuma shi ba takarda ya biyo ba, maganarta ya biyo, ita da bakinta ta ce boko. Ta shiga yi masa bayani, Larabci da Hausa suna karo a bakinta, cewa a wurinmu rubutun ne boko, ba motar ba. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce duk wanda ya taɓa kamawa yana da wani yare da laifinsa ke nufin wani abu daban a cikinsa. Na sa baki na ce gaskiya ta faɗa. Ya ce shaidar maƙwabciya ta cikin katanga ɗaya take fitowa.

Ban san abin da ya sa bai tafi da Muzammil nan take ba. Wataƙila gajiya, wataƙila yana da uwa mai irin bakin nan. Ya ce da ɗaya saurayin ya fita babban titi ya samo masa wani tsoho daga cikin mutanenmu wanda ba ɗan layin nan ba. Ya juyo gare mu ya ce, "Ni zan tambaye shi. Wadda ta buɗe baki a cikinku, na gama."

Wanda aka kawo Baba Nagoggo ne, tsohon mai agashe, wato tsiren da mutanen ƙasar nan suka karɓi sunansa daga bakinmu. A layin gidan burodi aka tsinto shi. Ya kusa casa'in, kunnensa ya yi nauyi, ba shi da waya, a wata unguwa can gaba yake zaune. Yana yaro ya zo ƙasar nan a ƙafa, riƙe da rigar ubansa. Ya shigo yana jan sanda, ya ga bindigogi, ya ga mutum a ɗaure, ya ja ya tsaya.

Babban ya tambaye shi da ƙarfi ko yana jin rutanar mutanen nan. Haka suke kiran duk harshen da ba Larabci ba. Baba Nagoggo ya ce shi ɗan Sudan ne, yana da lambar ɗan ƙasa, ya shiga laluben aljihu. Aka ce ba wannan aka tambaye shi ba. Aka ɗora masa takardar a gaban ido, aka ce wannan rubutun me ake kiransa? Ya ƙanƙance ido ya ce Ingilizi. Aka ce da yarenku. Ya dubi Sakinatu, ya dube ni, mu kuwa muna tsaye kamar gumaka. Ya daɗe yana motsa leɓe, yana neman amsar da ba za ta cutar da kowa ba.

"Turanci," in ji shi.

Bai yi ƙarya ba. Turanci shi ne harshen, boko kuma haruffan da makarantarsu. Amma wa za a tsaya yi wa wannan darasi? Mutumin ya ninke takardar ya miƙa wa Sakinatu, ya yi wa samarin alama da kai. Suka kama Muzammil ta hammata suka miƙar da shi. Bai yi gardama ba. Uwarsa kawai ya kalla, ya ce mata a hankali ta shiga ɗaki.

Ba ta shiga ba. Ta je ta tsaya a bakin ƙofar gidan, ta cika ta da jikinta. Na ga ɗan saurayin ya gyara riƙon bindiga, jug ɗin hannuna ya fara zubar da ruwa a kan ƙafata. Ta ce da babban, cikin Larabcin da ban taɓa jin ta yi mai tsabta haka ba, ba za ta ambaci takarda ba, ba za ta ambaci mota ba, gaisuwa kawai za ta yi wa tsohon nan, in ya so bayan nan ya harbe ta. Bai hana ta ba.

Duk wanda ya taɓa sayen agashe a wurin Baba Nagoggo ya san ciwonsa. Ya so babban ɗansa Salahuddin ya zama mahaddacin Alƙur'ani. Uwar yaron ta ɗauke shi ta kai makarantar gwamnati, ya yi karatu, ya zama akanta, ya tafi ƙasashen Larabawa, ko gaisuwar Salla ba ya aikowa. Shekara arba'in tsohon yana yanka nama yana maimaita wannan labari. Sakinatu ta sunkuya ta kai bakinta kunnensa, ta ɗaga murya da Larabci yadda kowa zai ji.

"Baba, ina labarin Salahuddin? Me ya raba ka da shi?"

Fuskar tsohon ta canza. Ya manta da bindigogi, ya manta da lambar ɗan ƙasa, ya buga sanda a ƙasa.

"Boko," ya ce, ya tofar da yawu. "Boko ne ya cinye shi. Ni na kai shi allo, uwarsa ta kai shi boko, ya koyo rubutun da ke tafiya daga hagu." Ya nuna takardar da ke hannun Sakinatu da bakin sandarsa. "Irin wannan tsutsar. Wanda ya koye ta ba ya tuna ubansa."

Ya ci gaba, da Larabci da Hausa, ya ambaci uwar, ya ambaci shugaban makarantar da ya mutu tun tuni. Ɗaya saurayin ya fashe da dariya, ya haɗiye ta da sauri. Babban ya daɗe yana kallon tsohon. Sannan ya karɓi takardar daga hannun Sakinatu, ya taka ƙasar da aka rusa ya shiga rumfar, ya tsuguna, ya goge wani wuri a jikin ƙarfen da hannun rigarsa, ya riƙa duba lambar yana duba takarda. Lamba ba ta da yare. Tun shigowarsa zai iya yin haka, sai yanzu ya ga dama.

Ya fito yana kakkaɓe gwiwa, ya ce a kwance ɗaurarren. Ya ce da Muzammil maganar Mantiƙa yau bai ji ta ba, amma ba kullum kunnensa ke toshewa ba, kuma ba shi kaɗai ke tambaya a garin nan ba. Da ya kai ƙofa ya juyo ga Sakinatu.

"Hajja, saƙon nan ba ni kaɗai na ji shi ba. Waɗanda za su zo bayana ba za su nemo tsoho su tambaye shi ba."

Da ƙarar motarsu ta yi nisa, Sakinatu ta sulale a jikin ƙofa ta zauna. Ba ta yi kuka ba, amai ta yi. Baba Nagoggo yana nan tsaye yana tsine wa boko, bai san abin da ya yi ba. Da ta samu ƙafa ta dama masa godo-godo a babban kwano. A iya sanina wannan ne karo na farko da ta ba wani kyauta ba tare da ta bi shi da magana ba.

A ranar Muzammil ya ɗauko akwatin sifanun ubansa. Shatin waya na nan a wuyan hannunsa, ya fara kwance motar. Abin da Ɗantsoho ya ɗaure da hannunsa, ɗansa ya warware shi ɗaya bayan ɗaya: inji, giya, ƙofofi, fitilu, gilashi. Ya tono tayoyin da batir. Ba a sake yin talla ba. Tsofaffin abokan aikin uban ne suka riƙa raɗa wa masu sayar da kayan gyara, kaya na fita a amalanken jaki ƙarƙashin buhunan gawayi. Sakinatu ta buɗe ƙofar gidan ta sa dutse ta tare, don duk mai wucewa ya ga abin da ya rage. Wasu sun zo, ba sau ɗaya ba, mutanen da ban san fuskarsu ba, a kan babur. Sukan tsaya su leƙa, su ga ƙwarangwal a kan bulo, su yi tsaki su wuce. Duk lokacin da suka tsaya, Muzammil yana ƙarƙashin gadona, don daga baya ya yarda da tayina.

Abin da aka samu bai kai rabin darajar motar a haɗe ba, amma ya isa kai shi Gadarif. Ya tafi da safe cikin motar haya, da jakar kaya ɗaya da sifanun uban. Sakinatu ba ta raka shi tasha ba, ta ce in ta je bakinta zai sake jawo wani abu. Ta zauna bayan ƙofa a kujerar nan, wayar a cinyarta, ba ta ci ba ta sha, har Mawahib ta kira ta ce ya iso, ga shi yana wanka.

Yanzu ita kaɗai ce a gidan. Ƙwarangwal ɗin yana nan a rumfa, kaji na kwana a inda direba ke zama. Ta koma dama godo-godo tana sayarwa a ƙofar gida, muryarta ta dawo, rowar ma ta dawo. Har yau in mota ta rage gudu a layinmu sai ludayin ya tsaya a hannunta. In za ta aika talla a guruf ɗin mata, ko ta gyaɗa ce, sai ta leƙo ta katanga ta faɗa mini abin da za ta ce tukuna, kalma bayan kalma. In na gyara mata ɗaya, ta ce boko ne ke damuna.